Kalmar "Grooming" a Turancin Masu Kiwon Kare da Kyanwa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa karanta rubutun da ke jikin kwalbar sabulun wankan kare, ko ya kalli bidiyon wani likitan dabbobi na Ingila ko Amurka, ko kuma ya wuce ta gaban shagon kayan dabbobi a Abuja ko Legas, da wuya a ce bai ci karo da kalmar "grooming" ba. Kalma ce mai sauƙin gani amma mai wuyar fassara, domin babu kalmar Hausa guda ɗaya da ta ɗauke nauyinta duka, sannan tana da wasu ma'anoni a wajen harkar dabbobi waɗanda rashin saninsu kan jefa mai magana cikin kunya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai koyon Turanci, da mai fassara, da mai kiwon dabba a gida suka fi yi a kanta.

Mece ce ma'anar "grooming" idan ana maganar dabbobin gida?

Ma'anarta ita ce kula da tsafta da lafiyar bayan jikin dabba a kai a kai, wato gashi da fata da farce da kunnuwa, har da gefen idanu da tafin ƙafa. Wanda ya taje gashin karensa, ya yi masa wanka, ya rage masa farce, ya goge masa kunne, ya kuma duba ko kaska ta maƙale a wani wuri, to abin da ya yi gaba ɗaya shi ne "grooming". Ciyarwa da shayarwa ba sa cikinta a Turancin yau, haka ma allurar rigakafi da horarwa da share wurin kwanan dabba, domin kowanne daga cikinsu yana da sunansa daban. Wanka shi kaɗai kuma sashe ne nata kawai, shi ya sa za a ji Bature ya ce ya yi wa kyanwarsa "grooming" alhali ko ɗigon ruwa bai taɓa jikinta ba, buroshi kawai ya bi ta da shi.

Yaya ake furta ta, kuma waɗanne siffofi take da su?

Tushen kalmar shi ne "groom", kuma sautinta ɗaya ne da na "room" da "broom", wato da wasalin u mai tsawo. Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, don haka yakan ce "gurum" da "gurumin", kuma kowa zai gane abin da ake nufi. A matsayin aikatau ana cewa "groom", "grooms", "groomed" da "grooming". Idan "grooming" ta zo a matsayin suna, yawanci ba ta ɗaukar jam'i, kamar yadda ba ma cewa "tsaftoci" idan muna nufin tsafta. Akwai kuma siffar "well-groomed", wadda ake faɗa wa dabba ko mutum da aka ga alamar kulawa a jikinsa, da sunan mai sana'ar, "groomer".

Daga ina kalmar ta samo asali?

Daga barga ta fito, kuma kafin barga, daga gidan masu mulki. A Turancin ƙarni na 13 "grom" ko "grome" na nufin yaro namiji, daga nan ta koma nufin bara ko yaron gida mai yi wa ubangidansa hidima. A fadar sarakunan Ingila an yi muƙamai da dama masu ɗauke da wannan suna, kuma wanda ya fi ba mutane mamaki a yau shi ne "Groom of the Stool", bafaden da aikinsa na asali shi ne kula da sarki a wurin biyan buƙatarsa ta bayan gida. Aikin yana da ƙasƙanci a ido, amma da yake mai shi yana kaɗaicewa da sarki a lokacin da ba kowa, sai ya zama ɗaya daga cikin mafi kusanci da tasiri a fada, musamman a zamanin Sarki Henry na Takwas, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1547. Muƙamin ya ci gaba da wanzuwa da sauye-sauye har zuwa 1901, lokacin da Sarki Edward na Bakwai ya hau gado aka daina naɗa shi.

A ƙarni na 17 ma'anar ta ƙuntata zuwa baran da ke kula da dawaki. Sai a farkon ƙarni na 19 aka ciro aikatau daga sunan, aka fara cewa mutum ya yi "groom" ɗin doki, wato ya yi masa abin da yaron barga yake yi. Daga doki ta ƙaura zuwa mutum mai gyara kansa, daga baya kuma, da kiwon karnuka don sha'awa ya bunƙasa a biranen Ingila, ta sauka a kan kare da kyanwa.

Wannan tarihi ba baƙo ba ne ga wanda ya san fadar ƙasar Hausa. Sarautar Shamaki, wadda take cikin manyan sarautun bayin sarki a Kano, tana da nasaba da kula da dawakin sarki, kuma ita ma ta tashi daga hidimar barga zuwa babban matsayi. Wanda ya taɓa leƙa barga a jajibirin hawan Sallah, ya ga ana wanke dawaki, ana goge musu jiki har su yi sheƙi, ana taje geza da wutsiya, ana ɗaga kofato ana ƙwaƙule tsakuwa da kashin da suka maƙale, to ya ga ma'anar kalmar ta asali da idonsa. Masu dawaki sun san dalilin yin haka kafin a ɗaura sirdi: ƙasa ko yashin da aka bari a bayan doki shi ne yake gurje fata ya zama miki idan nauyin mahayi ya hau kai.

Me ya haɗa ta da ango, tunda shi ma ana ce masa "groom"?

Kuskuren kunne ne ya haɗa su. A tsohon Turanci ana ce wa ango "brydguma", inda "bryd" ke nufin amarya, "guma" kuma ke nufin namiji. Da kalmar "guma" ta mutu a bakin mutane, ba wanda ya ƙara gane ta, sai suka maye gurbinta da "groom" da suka sani, a wajen ƙarni na 16, aka sami "bridegroom". Daga baya aka gajarta ta. Saboda haka "groom" da ke jikin katin ɗaurin aure ba ta da alaƙa da taje gashi ko wanke doki.

Wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa da ita wajen fassara?

Masu fassara da yawa sukan yi saurin cewa "kwalliya" ko "ado", kuma a ganina wannan zaɓi yana ɓatar da mai karatu. Kwalliya a Hausa ƙari ce a kan tsafta, abu ne da ake yi bayan an gama wanka, kuma wanda ya bar ta bai cutu ba. Dabbar da aka bar ta ba "grooming" kuwa tana cutuwa: gashi yana cukurkuɗewa ya riƙa jan fata, farce yana tsawo har ya lanƙwashe ya shiga tsoka, kunne yana tara dauɗa ya yi ruwa. Idan aka ce wa Bahaushe ana kai kare wurin kwalliya, abin da zai fara zuwa ransa shi ne almubazzaranci, kuma daga nan ya daina sauraron sauran bayanin.

"Wanka" ta yi kaɗan, "aski" ma haka. "Kiwo" ta yi faɗi, tunda ta haɗa da ci da sha. Abin da ya fi kusa shi ne "gyaran jiki" ko "tsaftace jikin dabba", kodayake "gyaran jiki" tana da nata amfani a harkar amare, don haka ya kamata a haɗa ta da sunan dabbar a ce "gyaran jikin kare". Hanya mafi inganci a rubutu ita ce a duba abin da ake yi a jimlar, a kira shi da sunansa. Idan kyanwa ce take yi wa kanta, a ce tana lasar jikinta. Idan doki ne, a ce ana goge shi ko ana wanke shi. Idan birai ne, a ce suna tsince wa juna jiki. Hausa ta fi son aikatau mai nuna aikin kai tsaye, kuma babu laifi kalma ɗaya ta Turanci ta fito da fuskoki huɗu ko biyar a shafi guda.

Mene ne bambancin "groom" da "groomer" idan ana nufin mutum?

Mai kula da doki "groom" ne, kuma har yanzu haka ake kiransa a wuraren sukuwa da filayen folo. Mai gyaran jikin kare ko kyanwa a matsayin sana'a "groomer" ne. Ba a musanya su. Wanda ya ce ya kai karensa wurin "groom" zai sa mai sauraro ya yi tunanin ango ko ɗan barga.

Me ake yi wa dabba a shagon da aka rubuta "grooming", kuma me kalmomin jerin farashinsu ke nufi?

A Ingila da Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, da shaguna ƙanana na unguwa da kuma sassa a cikin manyan kantuna irin su PetSmart da Petco a Amurka, ko Pets at Home a Birtaniya. Akwai kuma masu zuwa ƙofar gida da mota mai bahon wanka da na'urar busarwa a cikinta, abin da suke kira "mobile grooming". Mai kare yakan kama lokaci tun da wuri, ya kai shi ya bari, ya dawo bayan awa biyu ko uku.

Abin da ya fi tsada a jerin shi ne "full groom", wanda ya ƙunshi taje gashi, wanka, busarwa, aski da kilifa ko almakashi, yankan farce da goge kunne. "Bath and brush" wanka ne da tajewa ba aski. "Dematting" shi ne warware gashin da ya dunƙule, kuma ana cajin kuɗinsa daban saboda cin lokaci. Idan dunƙulewar ta kai ga fata, mai sana'ar kirki ba ya azabtar da kare da ja, askewa yake yi ƙwal ya bar sabon gashi ya fito. "Deshedding" shi ne fitar da mataccen gashin ƙasa kafin ya zube a kan kujeru da darduma. "Hand stripping" kuwa tsige mataccen gashi ne da hannu ko da ƙaramar wuƙa mara kaifi, ana yi wa karnuka masu gashi mai tauri kamar wasu jinsunan ƙananan karnukan da ake kira teriya (terrier), domin kilifa tana sa gashinsu ya yi laushi ya kuma koɗe. "Puppy cut" aski ne mai tsawo ɗaya ko'ina a jiki, kuma duk da cewa sunansa yana nufin askin ɗan kwikwiyo, ana yi wa tsohon kare ma. Wasu shagunan suna kuma matse wasu ƙananan jakunkuna biyu da ke gefen duburar kare, waɗanda kan cika su dame shi, sai dai likitoci da yawa sun fi son a bar musu wannan aiki, a kuma yi shi idan akwai buƙata kawai.

Kowane kare ne yake buƙatar wannan kulawa daidai da ɗan'uwansa?

A'a, kuma nau'in gashi ne yake yanke hukunci. Akwai karnukan da gashinsu ba ya daina tsawo kuma ba ya zuba sosai, irin su fudul (poodle, kare mai murɗaɗɗen gashi) da Shih Tzu da Lhasa Apso. Waɗannan suna buƙatar tajewa kusan kullum da aski duk bayan mako huɗu zuwa takwas, kuma wanda ya sayi ɗan kwikwiyon Lhasa saboda kyan gashinsa ba tare da ya shirya wa wannan ɗawainiya ba, nan da wata biyu zai ga gashin ya zama kamar tsohuwar tabarma.

Akwai masu gashi hawa biyu, na sama mai tsawo da tauri da na ƙasa mai laushi kamar auduga, irin su karen Jamus da ake kira Alseshiyan, da Husky, da Kokeshiyan. A nan ne masu kiwo a ƙasashe masu zafi suke yawan kuskure, domin idan zafin watan Afrilu ya tsananta sai mutum ya ga tausayi ne ya aske karen ƙwal. Shawarar da masana suka fi bayarwa ita ce kada a yi haka sai da dalilin rashin lafiya, saboda gashin saman yana kare fata daga rana da cizon ƙwari, kuma idan aka aske shi ba lalle ya dawo yadda yake ba. Kare ba ya rage zafi ta hanyar gumin fata kamar mutum, haki yake yi da harshe a waje. Abin da zai taimake shi shi ne a taje mataccen gashin ƙasa ya fita don iska ta ratsa, a ba shi inuwa da ruwa wadatacce.

Sai kuma masu gajeren gashi, wanda ya haɗa da karnukan gida da na farauta da aka saba gani a ƙauyukanmu, da Azawak, karen nan mai dogayen ƙafafu na Buzaye da makwabtansu a Mali da Nijar da Burkina Faso, wanda ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta karɓe shi a jerin jinsunanta a 2019. Irin waɗannan ba sa buƙatar aski ko kaɗan. Goga da buroshi sau ɗaya a mako da wanka idan sun yi datti sun ishe su, kuma babban aikin da ke kansu shi ne binciken kaska a kunne da wuya da tsakanin yatsu, musamman da damina.

Me ake nufi idan aka ce kyanwa tana "grooming" ɗin kanta?

Ana nufin lasar jikin da take yi, kuma wannan amfani yana da yawa a rubutun likitocin dabbobi. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa zuwa baya, waɗanda aka gina da irin sinadarin da ke cikin farcenta, shi ya sa idan ta lashi hannun mutum yake jin kaushi. Da su take taje gashinta, ta cire datti da ƙuma, ta baza man fatarta, kuma yawun da ya bushe a jikin yana sanyaya ta. Inda harshe ba ya kaiwa, kamar fuska da bayan kunne, sai ta jiƙa ƙafar gaba ta goge. Kaso mai yawa na lokacin da take a farke a wannan aiki yake tafiya, don haka lafiyayyar kyanwa mai gajeren gashi da wuya ta buƙaci wanka. Mai dogon gashi irin ta Farisa ita ce ba ta iya wa kanta, dole a taimaka mata da mataji.

Kalmomi biyu suna biye da wannan ma'ana. "Overgrooming" shi ne lasa fiye da kima har gashi ya zube wuri ya yi sanƙo, yawanci a ciki ko cinyoyi, kuma sanadinsa kan zama ƙuma, ko ƙaiƙayin da wani abinci ko wani abu a muhalli ya jawo, ko ciwo a wurin, ko damuwa. "Hairball" kuwa dunƙulen gashin da ta haɗiye ne wanda take amayarwa lokaci-lokaci. Akasin yawan lasa ma alama ce: kyanwar da ta daina lasar jikinta, gashinta ya yi buzu-buzu, sau da yawa tana fama da ciwon haƙori ko ciwon gaɓoɓi ko ƙiba, ko wata cuta ta cikin jiki, kuma ta cancanci a kai ta wurin likita.

Ana amfani da kalmar a kan dabbobin daji da tsuntsaye?

Ana yi a kan dabbobin daji. Masu nazarin halayyar dabbobi suna cewa "social grooming" idan wata dabba tana gyara jikin 'yar'uwarta, kuma wanda ya taɓa zama a sansanin Wikki na gandun Yankari ya kalli gwaggon birai, ya ga ɗaya ya miƙe ɗaya yana buɗa gashinsa yana tsinta. Abin ya wuce cire ƙwari, domin da shi suke ƙulla ƙawance da sulhu bayan faɗa. Tsuntsu kuwa yana da tasa kalmar, "preening", don gyara gashin fuka-fuki da baki.

Shin "groomer" likitan dabbobi ne?

Ba likita ba ne. A Birtaniya dokar likitocin dabbobi ta 1966 ta keɓe gano cuta da ba da magani da tiyata ga likitoci masu rajista, alhali sana'ar gyaran jikin kare ba ta buƙatar lasisi na musamman, kodayake akwai takardun shaidar ƙwarewa irin na hukumar City and Guilds da masu sana'ar kan nema don kansu. Abin da ya hau kansu shi ne dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta Ingila da Wales, wadda ta ɗora wa duk wanda dabba take hannunsa, ko da na ɗan lokaci ne, nauyin kare ta daga wahala da rauni. Amfanin mai sana'ar shi ne hannunsa yana bin jikin dabbar gaba ɗaya, don haka shi ne kan fara jin ƙulli a ƙarƙashin fata ko warin kunnen da ya kamu, sai ya gaya wa mai dabbar ya je asibiti. Wankan shago kuma ba ya maye gurbin allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma shaguna da yawa ma ba sa karɓar kare sai sun ga katin rigakafinsa.

To askin nan mai ban dariya da ake yi wa fudul fa, shi ma kula da lafiya ne?

Wannan ɓangaren gasa ne, kuma a nan kalmar "ado" ta dace. An yi baje kolin karnuka na zamani na farko a Newcastle ta Ingila a 1859, aka kafa ƙungiyar Kennel Club a 1873, gasar Westminster ta fara a New York a 1877, sannan Crufts a 1891, wadda yanzu ake yi a Birmingham. Waɗannan gasanni da ƙungiyoyin masu kiwo ne suka tsara yadda kowane jinsi ya kamata ya fito, har aka sami masu kwashe sa'o'i suna gyara kare ɗaya. Game da fudul, asalinsa karen ɗauko agwagwar da maharbi ya harbo ne daga cikin ruwa, kuma bayanin da masu kiwonsa suka saba bayarwa shi ne ana aske bayan jiki don ya ji sauƙin iyo, a bar gashi a ƙirji da gaɓoɓi don sanyi. Daga baya salon ya zama abin nuna isa. Galibin fudul da ke gidajen mutane ba a yi musu wannan aski, gajeren aski na yau da kullum ake yi musu.

Wace ma'ana take da ita idan aka faɗe ta a kan mutum?

Tana da uku, kuma dole a rarrabe su. Ta farko ita ce gyaran kai, kamar aski da gyaran gemu da yankan farce, shi ya sa ake ganin "men's grooming" a kan kayan aski a kanti. Ta biyu ita ce shirya mutum don wani matsayi, kamar a ce uba yana "grooming" ɗin ɗansa don ya gaje shi a kasuwanci, ko jam'iyya tana shirya wani don takara. Wannan amfani ya fito daga siyasar Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, kuma hoton da ke bayansa shi ne na dokin da ake shiryawa don sukuwa.

Ta uku mummuna ce ƙwarai. Tana nufin babban mutum ya riƙa jan yaro ko yarinya a jiki sannu a hankali, da kyauta da daɗin baki da ɓoye sirri, a fili ko ta intanet, da nufin yin lalata da su. Dokar laifukan lalata ta 2003 ta Ingila da Wales ta ambaci wannan da sunansa a sashe na 15. Ma'anar ta yi ƙarfi a jaridu da kafofin sada zumunta har ta kai kalmar "groomer" ita kaɗai, ba tare da an ambaci dabba ba, tana iya zama zargi mai nauyi. Saboda haka mai wannan sana'a da ke rubuta bayanin kansa a Facebook ko a takardar neman aiki ya rubuta "dog groomer" ko "pet groomer" cikakke. Haka nan malamin da yake son cewa yana tarbiyyantar da yara ya guji cewa yana "grooming children", kodayake a Turancin Najeriya ana jin irin wannan jimla da kyakkyawar niyya, har a allunan makarantu. Idan zai yi amfani da ita, ya faɗi matsayin da ake shirya mutumin dominsa, ko kuma ya ɗauki "mentoring" ko "training".

Yaya ake sa ta a jimla ta yau da kullum?

Wanda ya yi aikin da hannunsa zai ce "I groom my dog every week", wato ina gyara jikin karena kowane mako. Wanda ya biya aka yi masa zai ce "I got my dog groomed". Bambancin yana da muhimmanci, domin Hausa tana barin mutum ya ce "na yi aski" ko da wanzami ne ya yi masa, amma Turanci yana so a nuna wanda ya riƙe almakashin. Baturen Ingila kan ce "she is at the groomer's" idan karyarsa tana shago, kuma wannan harafin s na ƙarshe yana tsaye ne a madadin kalmar shago. A kan kyanwa ana cewa "the cat is grooming itself".

Wanda ba shi da irin wannan shago a garinsu, me zai kiyaye idan zai yi da kansa?

Ya taje gashi kafin wanka, domin ruwa yana ƙara ɗaure wanda ya dunƙule, kuma kada ya sa almakashi ya yanke ƙullin da ya manne da fata, saboda fatar takan shiga cikin ƙullin a yanke ta tare. Ya nemi sabulun da aka yi don dabbar, ya ɗauraye sosai, ya hana ruwa shiga kunne, ya kuma busar da ita da tawul har ƙasan gashi. Wajen yankan farce ya rage baki kaɗan-kaɗan, domin a cikin farcen akwai tsoka mai jini da jijiya wadda Turawa ke kira "quick", ana hango ta ruwan hoda a farin farce amma ba a ganin ta a baƙi.

Kada a shafa wa kare baƙin man inji ko kananzir ko maganin feshin gona da sunan maganin ƙazwa ko kaska, domin suna ƙona fata kuma dabbar tana lashe su. A kan kyanwa hatsarin ya fi girma, tunda duk abin da ya hau gashinta cikinta zai ƙare. Maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da sinadarin fametirin (permethrin) yana iya kashe ta, haka ma ruwan kashe ƙwayoyin cuta masu sinadarin fenol, irin waɗanda ke yin fari idan an zuba su a ruwa. Kaska kuwa ana kama ta ne daf da fata da matsefata a ja a hankali ba murɗawa da yatsa ko ƙonawa ba. Karen da bai saba da taɓawa ba a sa masa takunkumi kafin a fara, kuma idan ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne.